Shekara ukku da dasa fich a Katsina ko fure bai yi ba, mi ya rage ban yi ba?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Don Allah ina neman shawara a kan iccen fich, duk wanda ya san kan abin ga shi taimaka. Na fara cin shi ne a Saudiyya da muka je Umara, direban da ya kai mu Ɗa'ifa ya tsaya bakin hanya ya sawo mana cikin wani ɗan kwali, wallahi har yau ban manta ƙamshin ba, kana gatsawa ruwa na bin hannunka. Da na dawo sai na ci karo da wani yaro a Facebook shina tallar dashe, ya ce daga Jos yake kawowa, na sayi guda biyu na dasa bayan gida nan hanyar Dutsin-ma. Yanzu shekara ukku cif. Ba ruwa suka rasa ba don bohol gare ni da sola, na sa kashin kaji na sa na tumaki har NPK na zuba masu, sun yi tsawo sun wuce ni amma ko fure ɗaya ban taɓa gani ba. Bana ma abin ya fi ban tsoro, rassan duk sun tsaya tsirara, ganye sai can ƙarshen reshe kamar zankon yaro. Tambayata biyu, wane taki ne ke sa shi fure, sannan yaron ya turo mani sunayen wasu iri wai in ƙara, Elberta da Redhaven da Florida Prince, wanne ya fi kyau a ciki?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Alhaji ku yi haƙuri da ƙauyancina, shi fich ɗin mine ne? Tuffa ce ko wani abu daban?

Ɗan Azhar: Hajiya ba tuffa ba ce. Girmansa kamar na tuffa amma bayansa gashi-gashi ne laushi kamar jikin ɗan tsako, cikinsa kuma ƙwallo ɗaya ne babba mai kurzunu-kurzunu. Nan Masar khokh suke ce masa. Wanda ya taɓa shan wanda ake sayarwa a gwangwani rawaya cikin ruwan sukari, to shi ne.

Maman Ummi: Au ashe shi ne, na taɓa gani a gidan biki an yanka cikin kayan marmari. Na gode ƙanena.

Sarkin Noman Unguwa: Alhaji ka samu ƙusa 'yar inci shida ka kafa masa a gindi, ko ka ɗan sassare bayansa da adda. Haka muke ma mangwaron da ya ƙi haihuwa, icce in ya ji daɗi da yawa lalaci yake.

Malamin Gona: Ranka shi daɗe a aje addar nan tukuna. Fich in ka ji masa ciwo ƙaro yake ta zubarwa cuta ta samu ƙofa, ba shi da juriyar mangwaro ko kaɗan. Alhaji Baban Khalifa, yadda ka kwatanta rassan nan tsirara da ganye a ƙarshe, ba yunwa ba ce ba ƙishirwa ba ce, barci ne bai ishe shi ba. Icce ne na ƙasashen sanyi, asalinsa ƙasar Sin, har gobe su ke noma fiye da rabin na duniya, sai irin su Sifen da Italiya da Turkiyya da Girka. A can in kaka ta yi sai shi zubar da ganye kaf shi kwanta, idanun da za su zama fure su rufe, kuma ba za su buɗe ba sai sun tara wasu awanni na sanyi, ana ƙirga awannin da ma'auni ya zauna tsakanin digiri 0 da 7. Kowane iri da nasa adadin. Elberta na son wajen awa 800 zuwa sama, Redhaven ma haka har ya ɗan fi, don a Mishigan aka fitar da shi a 1940, can arewacin Amurka inda ƙanƙara ke rufe ƙasa. Elberta kuma a Jojiya aka samo shi. In bai samu awannin nan ba sai idanun furen su bushe su kakkaɓe, ganye shi fito jefi-jefi, daidai abin da kake gani. Ko buhu goma na taki ka juye masa ba zai maye gurbin sanyi ba, sai dai ma ka ƙara masa tsawo.

Baban Khalifa: To Malam ai mu ma muna da sanyi. Bana fa har gawayi muka riƙa kwana da shi a ɗaki, yara ba su zuwa makarantar asuba.

Ɗan Daura: Gaskiya ni ma nan na tsaya. Malam ka zo Daura cikin jaura ka tsaya bakin Kusugu da asuba ka ga ko za ka iya alwala da ruwan randa, sannan ka ce ba mu da sanyi. Leɓe har tsagewa yake.

Malamin Gona: Yayana abin da ke tsaga leɓe iska ce busassa, ba tsananin sanyi ba. Jikinmu ya saba da digiri 40 na bazara shi ya sa in ta sauko 13 muke neman bargo biyu. Icce kuwa ba ruwansa da rigar sanyinka.

Mai Kaji Batagarawa: Wannan kam zan ba Malam gaskiya don ni ina da ma'aunin zafi rataye a ɗakin kaji saboda 'yan tsaki, wani kuma a waje jikin katanga. Duk asuba sai na duba. Yawanci 13, 14, 15 nake gani cikin Disamba da Janairu, ranar da ta yi tsanani na ga 11, kuma da hantsi ya ɗaga ta haye 28 ko 30. Ban taɓa ganin 7 da idona ba.

Malamin Gona: Yauwa, kuma wannan hawan na rana shi ne babbar matsalar. Masu binciken abin sun gano zafin rana na goge ɗan sanyin da iccen ya tara da dare. Kamar mai adashi ne da ke zubi da dare da safe shi je shi karɓe kuɗinsa, yaushe zai kwasa?

Bahaɗeje: Hhhh Katsinawa ke nan, an je Umara an ci abu sau ɗaya an dawo za a maida Katsina Landan. Alhaji ka dasa goruba ka huta, ita ce daidai haƙoranku.

Baban Khalifa: Kai bawana wa ya sa da kai, ku da ba ku san komi ba sai kifi da sauro. Bari manya su gama magana.

Ɗan Azhar: Malam ina da ja a nan, da girmamawa. Masar fa hamada ce, zafinta wani lokaci ya fi namu, amma khokh tuli a kasuwa tun daga wajen watan Afrilu, a kan amalanke ake tallarsa kamar yadda ake tallar mangwaro a Kofar Guga. A Sina'i ta arewa suna nomansa, da gonakin hanyar hamada tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. Kuma sunan da na fi ji a bakin masu sayarwa shi ne Florida. In su sun iya cikin rairayi mu mi zai hana?

Malamin Gona: Ja mai kyau, amma ka faɗa mana gaskiya, Janairu a Alƙahira da wace riga kake fita?

Ɗan Azhar: Hhh jaket biyu da safa, har hayaƙi ke fita a baki, ranar ma ba ta da ƙarfi.

Malamin Gona: To ka ba kanka amsa. Alƙahira na kan layi na 30 arewa da tsakiyar duniya, Katsina na kan 13. Zafin bazararsu ba shi ne abin dubawa ba, hunturunsu ne, dare na sauka ƙasa da 10 kuma rana ba ta yin zafin da zai goge shi. Ɗa'ifa inda Alhaji ya ci nasa kuwa kan dutse take, wajen mita 1,800 sama da teku, mu nan Katsina ba mu wuce wajen 500 ba, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6. Amma ka kawo magana mai amfani a kan sunan nan. Ainihin sunansa Flordaprince, jami'ar Fulorida ce ta fitar da shi, sun fara aikin samar da fich mai buƙatar sanyi kaɗan tun farkon shekarun 1950 saboda su ma jiharsu ba ta da sanyin kirki. Shi awa 150 kawai yake nema. Akwai TropicBeauty shi ma 150, akwai UFSun wajen 100, akwai Tropic Snow mai farin ciki wajen 200, Flordaking kuma ya kai wajen 400 don haka kar sunan ya ruɗe mutum ya ce duk mai Florda a gaba ɗaya ne. Irin waɗannan ne suka bazu Masar da Fanjab ta Indiya. Don haka Alhaji cikin ukkun da yaron ya turo maka, biyu ko kyauta aka ba ka kar ka ɓata rami, na ukkun ne kaɗai ake iya zama a yi magana a kansa, shi ma ban ce maka zai yi ba.

Baban Khalifa: Ikon Allah. Ni kuwa Elberta ɗin ta fi burge ni a hoto.

Hajiya Mai Fulawa: Alhaji hoton ai daga intanet suke ɗaukowa. Ni ma haka aka yi mani da wani wai iccen cheri, shekara biyu ina ban ruwa ashe wata ciyawa ce ta daban. Ka tambaye shi shi nuna maka uwar da ya yanko daga jikinta tana ɗauke da ɗiya, in ya fara kame-kame ka san sauran.

Ɗan Jos: Ina ta karatu ban sa baki ba. Ni a Bukuru nake. Gaskiya duk abin da aka ce daga Jos yake mutanenmu na can sama sai su saki jiki, alhali kasancewar abu ya yi a Jos ba ya nufin zai yi a Katsina, mu muna wajen mita 1,200, shi ya sa dankalin Turawa da sitiroberi na wajen Vom suke yi. Mambila ma ta fi mu tsawo har shayi ake nomawa. In za a gwada fich da gaske a ƙasar nan to nan ne wurinsa. Sannan Alhaji abin da ban ji ka faɗa ba, biyun da ka dasa mene ne sunansu? Kuma masu aure ne ko daga ƙwallo aka tsiro da su?

Baban Khalifa: Wallahi ban tambaya ba, fich kawai ya ce. Yaya ake gane mai aure?

Ɗan Jos: Duba gindin kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, in an yi masa aure za ka ga ɗan karkata ko kumburi inda aka haɗa, kamar dai na mangwaro ko lemu. In ya miƙe sumul tun daga ƙasa to ƙwallo ne aka shuka.

Baban Khalifa: Na je na duba yanzu da fitilar waya. Sumul suke su duka biyun.

Ɗan Jos: To ka ga ni. Wataƙila ma ƙwallon wanda aka sha ne daga kanti, irin na Afirka ta Kudu da ake shigowa da shi, su kuma can yankin Kef suna da hunturu na gaske.

Injiniya: Ni fa ban yarda da wannan sare gwiwar ba. Shekarun baya wa ya taɓa cewa za a noma inabi a arewa? Yanzu ku je Kudan a jihar Kaduna ku ga gonakin inabi da idonku. Dabino ma da cewa ake sai Agadas da Saudiyya, ga shi ana yi a Jigawa har cibiyar bincikensa ke akwai a Dutse. Kullum mu sai ba zai yiwu ba, ba zai yiwu ba, haka aka bar mu baya. Alhaji kar ka saurare su ka sayi ko wane iri ka gwada.

Malamin Gona: Injiniya da kuɗin Alhaji kake wannan jarumtar ko da naka? Inabi buƙatarsa ta sanyi kaɗan ce, in ka yi masa aski mai kyau sai shi farka shi yi toho, shi ya sa ake juya shi a ƙasashen zafi. Dabino kuwa ɗan gida ne, zafi da bushewa yake so. Ba a haɗa su da Redhaven. Amma in gwaji kake so akwai hanyar da ake bi, ba ɓoyewa zan yi ba. A Indunusiya wajen Batu suna noman tuffa, a Benezuwela wajen Koloniya Tobar suna noman fich, duk ba su da hunturu. Dabararsu ita ce ba su barin iccen shi shiga barci mai nauyi, bayan an tsinke ɗiya da ɗan lokaci sai a zage ganyen kaf, iccen shi ɗauka sabuwar shekara ta zo shi fito da fure. Sai dai ka lura duka wuraren nan biyu kan duwatsu suke masu sanyi-sanyi duk shekara, kuma da iri mai buƙatar sanyi kaɗan suke yi.

Injiniya: To ai ka ga akwai hanya ke nan. Na ji ma akwai maganin da ake fesawa shi tada shi.

Malamin Gona: Akwai, Dormex ake ce masa, masu inabi sun san shi. Guba ne mai ƙona fata, ba abin da za a fesa a bayan gida inda yara da kaji ke yawo ba ne, kuma cikon sanyi yake yi in an samu wani abu an rasa kaɗan, ba ya ƙirƙiro awa 800 daga babu. Sannan ko ka ci wannan yaƙin akwai na gaba. A ce ya yi fure a Fabrairu, lokacin nan rana ta fara haye 33, fich kuwa in zafi ya yi yawa lokacin fure ba ya kama ɗiya sosai, su zube. Waɗanda suka kama, irin su Flordaprince wajen kwana 80 suke ɗauka su nuna, lissafa ka gani, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ke nan, tsakiyar bazarar Katsina da ko kare ba ya fita. Sai ka samu 'yan ƙanana da ƙunar rana a gefe. In mutum zai yi wayo sai dai shi jawo furen baya zuwa Disamba, ya zama ɗiyan sun girma cikin sanyi.

Maman Ummi: Ni dai tambayata ta mata ce, in na samu na sha zan iya shuka ƙwallon a bokiti ko don kwalliya?

Ɗan Jos: Za ki iya Hajiya amma shi ma ƙwallon sai ya ji sanyi yake tsirowa. Ki fasa shi a hankali ki ciro ɗan cikin mai kama da gyaɗa, ki naɗe a tsumma mai ɗan danshi ki sa a leda ki ajiye a firij, ba wajen ƙanƙara ba, wata biyu zuwa uku, za ki ga ya fito da saiwa. Sai dai irin masu nuna da wuri ɗin nan sau da yawa ɗan cikin bai gama ƙosawa ba, ba ya tsirowa.

Maman Ummi: Wata ukku a firij? Da wace wutar? Namu firij ɗin ai ya zama kabad, kwanoni nake ajiyewa ciki.

Hajiya Mai Fulawa: Hhhh wallahi Maman Ummi kin gama magana. Amma don Allah a kula da yara, na ji ɗan cikin nan ba a ci.

Malamin Gona: Gaskiya ne Hajiya, yana da ɗaci kuma akwai sinadarin da ke komawa gubar sayanaid a ciki, dangin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Kar a bari yara su fasa su ci kamar na aduwa.

Alhaji Na Sabke: Salamu alaikum, yanzu na shigo. Ni bana in Allah ya yarda zan sauke farali, sai in sawo dashen daga can mai suna da takarda in saka cikin jaka, in dasa a lambuna bakin dam, ruwa ba ya yankewa.

Mai Kaji Batagarawa: Baba Alhaji dashe da ƙasarsa ba a shigowa da shi haka nan, akwai hukumar killace tsirrai da dabbobi NAQS a filin jirgi, sai da izininsu, in ba haka ba a karɓe. Kuma da gaskiyarsu, haka cututtuka ke shigowa.

Malamin Gona: Ƙari a kan haka Baba, bakin dam ɗin ma in fadama ce mai riƙe ruwa to kabarinsa ka gina. Fich ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa, 'yan kwanaki kaɗan cikin damina sun isa su kashe shi. Jigawa yake so mai tsane ruwa. To jigawar tamu kuma tana da nata, tsutsar nan da ba a gani da ido mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli, fich na cikin abin da ta fi so. Shi ya sa a can ba sunan na sama kaɗai ake tambaya ba, har gindin da aka aura shi a kai, akwai Nemaguard akwai Flordaguard akwai Okinawa, duk saboda tsutsar nan aka zaɓe su, kuma biyun ƙarshe su ne masu buƙatar sanyi kaɗan. Ga gara, ga ƙudan nan da ke sa tsutsa cikin mangwaro da gwaiba, fatar fich ta fi tasu taushi. Abu ɗaya da zan yaba masa, yawancin irinsa ba ya buƙatar na biyu kusa da shi kafin shi haihu, guda ɗaya ma na yi.

Ɗan Azhar: Tunda ana maganar zaɓe, nan na lura kala-kala ne. Wani in ka raba shi biyu ƙwallon sai ya fita fes, wani kuma naman ya manne da ƙwallon kamar mangwaro ɗan gargajiya. Akwai mai farin ciki ya fi zaƙi ba tsami, akwai rawaya mai ɗan tsami-tsami, akwai wani ma faifai kamar an taka shi. Sai nektarin mai santsi ba gashi, wani ya ce mani wai auren fich ne da wani ɗan itace danginsa da ake kira fulam.

Malamin Gona: Ba aure ba ne, nektarin fich ne cak, ƙwayar halitta ɗaya ce ta bambanta su ta hana shi gashi, har akan samu reshe ɗaya a jikin fich shi fito da nektarin. Mai mannewa da ƙwallo shi ake sawa a gwangwani don namansa ba ya narkewa. Amma duk wannan zaɓen na wanda iccensa ke haihuwa ne, mu nan tambayar farko awa nawa, ta biyu ma awa nawa.

Hajiya Mai Fulawa: Ni na taɓa saye a wani babban kanti a Abuja da tsadarsa, na gatsa na ji kamar auduga, ba ruwa ba zaƙi, na ce wannan ne ake ta zuzutawa?

Ɗan Jos: Ɗanye ake tsinko shi don ya jure tafiya Hajiya, kuma fich in an tsinke shi laushi kawai yake ƙarawa, zaƙi ba ya ƙaruwa. In kuma ya daɗe a sanyin firij na kanti sai cikin ya koma gari-gari. Wanda Alhaji ya sha a Ɗa'ifa a kan uwarsa ya nuna, shi ya sa ya kasa mantawa har ya jawo mana wannan zaman.

Ba Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen Katsina iyayen gida. Ni shawara ta daban gare ni. Alhaji in abin marmari kake so wanda ba kowa ke da shi ba, mi ya hana ka magarya mai aure? Nan Nijar muna ce mata pom di Sahel, wato tuffar Sahel. Irin Indiya ne, akwai Gola akwai Umran akwai Seb, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki sosai wajen yaɗa ta. A kan magaryarmu ta daji ake aura ta, saiwar tamu ta gida mai jure fari, ɗiyan kuma manya kamar ƙwan kaji wasu, kana gatsawa ƙaras-ƙaras. Ba ta neman sanyi ko na awa guda, cikin hunturu ma take nuna, kuma ba ta daɗewa ta fara haihuwa. Matsalarta ƙuda da tsuntsaye, sai kuma aski duk shekara.

Ɗan Daura: Wannan na sha ta, ana kawowa kasuwar Mai'aduwa. Amma don Allah kar a haɗa ta da fich, magarya magarya ce ko ta je Makka.

Ba Maraɗi: Yayana wadda ke cikin bakinka ta fi wadda ke cikin hoto.

Injiniya: Kun ga irinta ko, an fara da fich an ƙare a magarya. Ni dai ina nan kan bakana, sai an gwada. Ni zan nemi Flordaprince ko UFSun na gaskiya mai aure ko guda biyu ne, in dasa inda katanga za ta tare masa ranar yamma, in ya mutu kuɗina ne.

Malamin Gona: Wannan magana ce, guda biyu ba ɗari biyu ba. In ka samu ka leƙa wajen masu binciken kayan lambu na cibiyar NIHORT a Bagauda ko masu binciken noma na Samaru ka ji ta bakinsu kafin ka biya kowa. Kuma ka riƙa rubuta ranar da ka yi komi, ranar da ka yanke ruwa, ranar da ka zage ganye, ranar da ka ga fure, ka ari ma'aunin Mai Kaji. Ka tuna a jikin reshen bara yake fure, don haka askin da za ka yi ka buɗe tsakiyarsa kamar ƙwarya amma kar ka kwashe sabbin rassa duka. In Allah ya sa ya kama ɗiya da yawa ka rage su, taƙi guda tsakanin kowane biyu, in ba haka ba duk su fito kamar kanya.

Baban Khalifa: To jama'a na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Na kira yaron na tambaye shi sunan waɗanda ya sayar mani da inda uwar take, ya ce zai tambayi ogansa, ya kashe waya, yanzu kuma ba ta shiga. Malam su biyun nan da ke tsaye in sare ko in bari?

Malamin Gona: Kar ka sare duka. Ka bar ɗaya ka yi gwajin da shi tunda ya riga ya girma, in damina ta ɗauke cikin Oktoba ka ɗan ci gaba da ban ruwa, farkon Nuwamba ka yanke ruwan sati ukku zuwa huɗu, ka sa yara su zage ganyen da hannu, ka rage dogayen rassan, sannan ka sake masa ruwa ka sa ido. Ka daina zuba masa taki mai yawa. Ban yi maka alkawarin komi ba tunda ba mu san ko wane iri ba ne. Ɗayan kuwa ramin ya riga ya sha taki shekara ukku, asara ne a bar shi haka.

Ba Maraɗi: Alhaji akwai magarya kusa da gidanka?

Baban Khalifa: Akwai wata ma ta fito da kanta jikin katanga ta baya, sau biyu ina sa a sare ta tana dawowa.

Ba Maraɗi: To kar a sake taɓa ta. In zan shigo Jibiya cin kasuwar Lahadi zan riƙo maka reshen Gola cikin jiƙaƙƙen buhu, ka nemo mai yi wa mangwaro aure shi zo da wuƙarsa da leda.

Mai Kaji Batagarawa: Wato dai maganar NAQS da na yi ba wanda ya ji.

Bahaɗeje: Alhaji in magaryar ta nuna a aiko mana kwando ɗaya Haɗeja, fich ɗin kuma mun yafe.

Maman Ummi: Ba Maraɗi don Allah reshe biyu za ka riƙo, akwai wata a gidan surukata Kofar Marusa.